Waƙar Manzo a Wuyan Shanu

Yabawa ƴar Garbai ta ba shekara hamsin baya. Mijinta ya rasu, ba ta sake aure ba, kuma ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa. Tana da lambun da ta gada daga ubanta a wani kwari tsakanin tuddan rairayi kudu da Gure, mai dabino da albasa da ɗan rogo, tana kuma da rumfa a kasuwar Gure inda take sayar da abin da lambun ya ba ta. Amma idan baƙo ya tambayi gidanta, ba a ce masa gidan mai dabino. Sai a ce ya bi hanyar masallaci har ya ga kurnar da mawaƙa ke zama a gindinta.

An haife ta tun Nasara ba su zo ƙasar ba. Mijinta Adamu falke ne, yana kai manda da kanwa kudu, ya komo da tufafi da allura da takarda. Shi ne mai son waƙa tun farko. Duk sanda ya sauka daga tafiya sai ya aika a kira masa masu waƙa, Yabawa ta dama fura, tana ji daga bayan danga. Da ya rasu, cikin abin da ya faɗo mata a gado akwai jakai biyu da ƙunshin takarda mai tambarin jinjirin wata guda uku wadda bai kai ga sayarwa ba. Danginsa suka ba ta shawara ta kai takardar kasuwa. Ta ce a bar mata, tana da aikin da za ta yi da ita. Da ta fita takaba ta sa aka share gindin kurna, ta fito da tabarmi, ta zauna a gefe inda kowa ke ganinta.

Tun daga nan ake zama kowace ran kasuwa bayan la'asar. Malamai masu tsara waƙar wa'azi suna zuwa, masu gurmi suna zuwa, tsofaffin mata masu waƙar niƙa ma sukan zo su yi tasu, wani da Hausa wani da Barbarci. Ba wanda ke tashi bai sha fura ba. Ƙa'idarta ɗaya ce: waƙar da jama'a suka yi ta cewa a maimaita, mako bayan mako, ita za a rubuta.

Mai rubutun shi ne Malam Hamidu, limamin ƙaramin masallacin unguwar, mutum mai kyawun hannu da tsoron abin kunya. Kamar sauran malaman garin, shi ma yana rubuta laya ga mai buƙata, da ita yake ciyar da gidansa. Yabawa ce ke ba da takarda da ƙaro da bagaruwar haɗa tawada. Rubutun farko, wanda aka ɗauka daga bakin mawaƙi, suna kiransa uwa. Daga uwa ake kwafo ƴaƴa, a ba fatake masu zuwa Damagaram da Maine da Nguru, abin da ya dawo kuwa, ko riga ko hatsi ko ɗan akuya, na mai waƙa ne. Ba a ɗinke littafi a nan. Warƙoƙi ne sake, ɗaya kan ɗaya, sai a yi musu gafakar fata daidai girmansu. Gafaka aikin Barmo ne, baduku a layin dukawa, taubashin Yabawa, wanda ba sa haɗuwa ba su zagi juna ba. Uwa ba ta fita daga gidan Yabawa. Idan ana son gafaka, sai ta yanki kara biyu, ɗaya tsawon takardar ɗaya faɗinta, ta kai masa.

Cikin duk masu zuwa gindin kurna ba wanda ake jira kamar Manzo, wani tsoho mutumin Kelle wanda ya yi rayuwarsa yana haƙar rijiya. Bai yi karatu ba. Bayan shekarar da fara ta cinye amfanin gona, ya tsara doguwar waƙa a kan yunwar da ta biyo baya, amma bai taɓa rera ta duka a zama ɗaya ba. Yau ya ba da wannan yanki, wani mako ya ba da wancan. Yabawa ta yi shekaru tana roƙonsa a rubuta, yana cewa, “In kin sa ta a takarda, wa zai ƙara aika mini da fura?”

A bazarar 1936 ya zo da kansa ya ce a kira Malam, domin hannunsa na dama ya fara yi masa sanyi. Suka yi ta zama a zauren Yabawa da hantsi, Manzo yana faɗa, Malam Hamidu yana rubutawa. A ciki har da wani yanki da bai taɓa rera wa kowa ba, a kan matarsa Biba da ta mutu a hanya lokacin yunwar. Ba a daɗe da gamawa ba ya faɗi a ƙofar masallaci. Rabin jikinsa ya shanye, harshensa ya ƙi juyawa. Yana ji, yana gane mutane, amma magana ta tafi. Aka kwantar da shi a zauren, uwar waƙar tana cikin ɗaki, ba a kai ga kwafar ko warƙa ɗaya ba.

Yabawa ta so ta ɗora masa waƙarsa a ƙirji cikin gafakarta tun yana da rai. Wannan gaggawa ce ta sa ran kasuwa da safe ba ta tsaya neman kara ba. Ta naɗe warƙoƙin a tsohon ɗankwali ta nufi layin dukawa. Ta tarar Barmo ya tafi majema karɓo fata. Ta tura ƙunshin ƙarƙashin buzun da yake zama, inda kowa ke bar masa aiki, ta koma rumfarta domin masu saye sun taru.

Abin da ba ta sani ba shi ne, kwanakin baya Malam Hamidu ya gaya wa Barmo zai aiko da takardun laya na gaggawa. Wani makiyayi daga wajen Gamu, Aisami, ciwo ya shiga garkensa, ya nemi layu na shanu da na yara, zai karɓa ran kasuwa kafin ya koma. Barmo ya dawo ya ɗaga buzu ya ga takardu. Shi ma ba ya karatu, amma ya san hannun Malam kamar yadda ya san fuskarsa. A layin dukawa kuwa, takardar da aka bari ba tare da saƙo ba, aikinta ɗaya ne, a ɗinke ta laya. Ya raba wa maƙwabtansa don a yi sauri. Suka ninke kowace warƙa ta koma kamar kan yatsa biyu, suka naɗe da zare, suka rufe da jar fata suka ɗinke. Kafin la'asar Aisami ya karɓa ya kama hanya.

Washegari Yabawa ta je.

“Rago ɗan rago, ina gafakata?”

“Tsohuwar banza, tun da safe? Wace gafaka? Ina karan awo?”

“Ban kawo kara ba. Takardun na kawo da kansu, na sa maka ƙarƙashin wannan ƙazamin buzun naka.”

Barmo ya buɗe baki zai rama, sai ya tsaya. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo ɗankwalin, ba komai a ciki.

“Wannan?”

“Shi ne. Ina abin da ke ciki?”

Barmo ya juya ɗankwalin a hannunsa. Baduku na kusa da shi, wanda ya taya shi ɗinkin, ya ajiye basillarsa.

“Barmo, da kai nake.”

“Yabawa,” in ji shi, kuma rabon da ya kira sunanta haka kawai an daɗe, “zo mu je wurin Malam.”

Suka tarar da Malam Hamidu a ƙofar gida da takardun layun na gaskiya a gefensa. Jinyar Manzo da wata jana'iza sun hana shi gamawa a kan lokaci, yana zaton Aisami zai dawo kasuwa mai zuwa. Da ya ji abin da ya faru, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Sannan ya dubi hagu da dama ya rage murya.

“Wa ya sani ban da mu?”

“Dukawan layina.”

“To, a ja musu kunne. Inna Yabawa, ki saurare ni. Waƙar nan da sunan Allah ta fara, ba saɓo a cikinta. Mai tsarewa Allah ne. In aka ji cewa layar Hamidu an buɗe an ga waƙa, wa zai ƙara tako ƙofar nan? Ba ni kaɗai ba, har Barmo.”

“Waƙar fa?”

“Zan rubuta abin da na tuna.”

“Nawa ka tuna?”

Kaɗan Malam ya tuna. Mai rubutu hannunsa ke tafiya, ba ya hardacewa. Ya san amshin, ya san baitocin da aka saba ji a gindin kurna, sauran kuwa sun bi alƙalami sun wuce.

“Mutumin yana kwance a zaurena,” in ji Yabawa. “Jiya ya nuna mini ƙofar ɗaki da hannun hagu, yana tambayar takardunsa. Na ce suna wurin baduku. Yau me zan ce masa? Kuma kai, Malam, mutum ya zo maka shanunsa na mutuwa, ya tafi da abin da ba shi ya roƙa ba. Za ka iya shiga gaba ka ja mana salla da wannan a ranka?”

“Ba a buɗe laya, Inna. Kin sani. Wanda ya ɗaura ba zai yarda a sa mata wuƙa ba.”

“Na sani. Ni dai zan ɗaura wa jakina akumari. Wanda zai bi ni ya bi ni.”

Akwai dalilin sauri. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, an kuma ce ruwa ya sauka arewa da Kelle. Da zarar ciyawa ta tsiro, makiyaya za su watse cikin daji da garkunansu, ba mai ganinsu sai kaka. Barmo ya kwashi fata da zare da basilla ya zuba a jaka. Malam Hamidu ya shiga gida ya daɗe, har Yabawa ta kwance jaki, sannan ya fito da takardun layun a cikin rigarsa. Wata maƙwabciya ta karɓi jinyar Manzo.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Rairayi ya yi zafi, jakin da ta ara wa Malam yana ta tirjewa, Barmo yana gaba a ƙasa ba ya ko waiwaye. Da suka isa mazaunin Aisami kusa da Gamu, suka tarar da toka da kashin shanu da turakun da aka tuge. Wata tsohuwa mai tsinkar ƴaƴan aduwa ta ce sun tashi, sun nufi rijiyar da ke kan hanyar Kelle, can za su shayar kafin su rabu. Suka bi sawun. Iska mai ƙanshin ruwa tana busowa daga gabas, Yabawa tana ta duban sama tana dukan jakinta da dunduniya.

Sun same su a bakin rijiya da hantsi, ana jan guga da takarkari, mata suna ɗaure kaya. Tun daga nesa Barmo ya hango jar fatarsa a wuyan wani babban bijimi.

Aisami dogo ne, mai furfura a gemu. Ya tarbe su da lale, ya sa aka kawo nono. Malam Hamidu ya karɓi ƙwaryar bai sha ba. Ya fara da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi shanu, ya tambayi yara, ya sake tambayar shanu. Yabawa ta katse shi, ta kira mai garken da “Ba”, yadda Barebari ke girmama dattijo.

“Ba Aisami, layun da ka karɓa a Gure ba naka ba ne. Kuskure aka yi, kuma daga hannuna ya fara. Abin da ke cikinsu waƙa ce.”

“Waƙa?”

“Waƙar wani tsoho da ke kwance a gidana.”

Aisami ya dubi Malam. “Mala, me matar nan take faɗa?”

“Gaskiya ta faɗa,” in ji Malam Hamidu, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Naka ga su nan. Ni na makara.”

Masu jan guga suka tsaya. Wani ƙanen Aisami ya matso da sandarsa, ya ce tun da aka rataya layun saniya biyu sun faɗi, ɗaya ma mai ciki ce. Wani ya ce dama mutanen gari haka suke, suna ganin na daji ba ya karatu sai a ɗinke masa kowane tsumma. Barmo ya ce shi ma ba ya karatu, aka daka masa tsawa ya yi shiru. Maza suka kewaye su. Jakin Malam ya tsorata ya ja baya har ya taka ƙwaryar nono.

“Kun rataya wa shanuna waƙa,” in ji Aisami a hankali, “yanzu kuma kun biyo ni daji ku ce in bari a farke laya a gaban iyalina. Ina na san na yau ba wata waƙar ba ce?”

“Ba ka sani ba,” in ji Yabawa. “Shi ya sa ba mu ɗinko su ba. Malam zai karanta kowace a gabanka da ƙarfi, Barmo ya ɗinke kana kallo. Amma a fara buɗe ɗaya daga cikin na wuyan shanun. In aya ce, ka riƙe jakaina biyu, mu koma Gure a ƙasa.”

Aisami ya dube ta. Sannan ya je da kansa ya kama ƙahon bijimin, ya kwance igiyar, ya jefa wa Barmo. Barmo ya warware ɗinkin da ya yi da kansa. Takardar ta fito a ninke, ta jiƙe da gumin dabba a gefe ɗaya, amma tawadar bagaruwa ba ta gudu ba. Malam Hamidu ya buɗe ta a kan gwiwarsa. Ya fara karantawa kamar wasiƙa, Yabawa ta ce, “Ba haka yake yinta ba.” Sai ya ja numfashi ya rera:

“Mun ga duhu da hantsi mun ce ruwa ne,
Ashe fara ce ta rufe samaniya.
Mun tone gidan tururuwa don tsaba,
Mai garke ya wayi gari da akuya ɗaya.”

Ya ci gaba har ƙarshen warƙar. Duk wanda ke tsaye a wurin ya ga shekarar da idonsa. Ƙanen Aisami ya ce wannan ba zai tayar masa da saniyarsa ba, ya juya ya koma bakin rijiya. Aisami ya ce, “Waƙa ce kam.” Ya yi tsaki. “A tattaro musu kayansu. Mala, kai kuma zauna nan inda nake ganin bakinka.”

Aikin ya ci yini. Wasu shanun sun riga sun tafi kiwo, sai da aka bi su. Wata layar tana wuyan raƙumi mai cizo. Ɗaya basilla ta huda ta ta cinye kalma biyu. Malam Hamidu yana karanta addu'o'insa ɗaya bayan ɗaya a gaban Aisami, Barmo yana ɗinki ba ya ɗaga kai, Yabawa tana karɓar kowace warƙa tana shimfiɗa ta a cikin faifai tana danne ta da dutse saboda iska. Hadarin ya matso har ana jin rugugi.

Saura ɗaya. Tana wuyan jikar Aisami, jaririyar da ba ta fara rarrafe ba. Uwarta Kellu tana zaune bayan kayan da aka ɗaure, ta rungume ta, ta rufe layar da tafin hannu.

Yabawa ta je ta zauna kusa da ita a ƙasa, ta gaishe ta da Barbarci.

“Wushe, ƴata. Yaya mai jiki?”

“Da sauƙi.”

Fatar yarinyar tana saɓa, alamar ƙyanda ce ta sake ta. Idonta a buɗe, tana wasa da bakin zanen uwar.

“Kin ji abin da ya kawo mu.”

“Na ji. Iya, kada ki roƙe ni. Yarinyar nan ta daina kama nono, idonta ya rufe, har an fara ce mini in yi haƙuri. Ranar da Baba ya ɗaura mata wannan, ranar ta buɗe ido.”

“Ga ta gaskiya can, Malam ya karanta kowa ya ji.”

“A ƙara mata ita, ban ƙi ba. Amma wannan ba za a cire ba. Ko waƙa ce, ko zagin kakana ne a ciki.”

“Mai waƙar ba zai daɗe ba, Kellu. Kuma ba ta wani wuri sai nan.”

“Shi ya tsufa, Iya. Ita fa?”

Aisami ya taho ya tsaya a kansu. Ya ce ƴarsa ce, in ya ce ta cire za ta cire. Kellu ba ta dube shi ba, ta dai ƙara matse yarinyar har ta fara kuka. Yabawa ta binne ƴaƴa uku tun suna goye, duk Gure an sani. Ta dubi hannun Kellu a kan jar fatar, ta dubi faifan da iska ke son kifarwa.

“Bar ta, Ba Aisami.”

“Kin yi wannan tafiya duka.”

“Na ce bar ta.” Ta juya ga Kellu. “Abu ɗaya nake so. In za ki yi mata wanka, ki ɗaga ta kada ruwa ya shiga. In igiyar ta tsinke kada ki jefar.”

“In ta yi ƙafa tana gudu, sai mu gani,” in ji Kellu. “Ban yi alkawari ba.”

Ruwan ya same su a hanyar komowa. Yabawa ta cusa warƙoƙin cikin jakar fatar Barmo ta zauna a kanta a gindin wata aduwa har ya ɗauke. Barmo, jiƙe sharkaf, ya ce da ta kawo kara kamar yadda mutanen kirki ke yi, da yanzu yana rumfarsa. Ta ce da yana zama a rumfarsa kamar mutanen kirki, da ba a yi haka ba. Wannan ce maganar farko da suka yi tun bakin rijiya.

A Gure Malam Hamidu ya jera warƙoƙin. A ƙasan kowace yakan rubuta kalmar farko ta mai bi mata, don haka jerawar ba ta yi wuya ba, kuma nan take ya ga inda aka yi giɓi. Wadda ta rage a wuyan yarinyar ita ce ta mutuwar Biba. Ya ce ya tuna ma'anar, ya tuna baiti ɗaya da rabi, zai iya cike sauran yadda ba mai ganewa. Yabawa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce a karanta wa mai ita.

Aka jingina Manzo da bango. Malam ya rera daga farko, tsohon ya lumshe ido, leɓensa na hagu yana motsi tare da amshin. Da aka zo giɓin Malam bai tsaya ba, ya zarce da nasa baitocin. Bai kai na uku ba Manzo ya buɗe ido ya bugi tabarma da hannun hagu. Ya sake bugawa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ba kalma ba ne.

Yabawa ta durƙusa gabansa ta gaya masa komai, tun daga buzun Barmo har zuwa hannun Kellu a wuyan jaririyar. Manzo ya daɗe yana kallonta, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye. Ta tambaye shi ko a bar baitocin Malam. Ya girgiza kai. Ta tambaye shi ko ta koma ta ƙwato warƙar. Ya daɗe, sannan ya sake girgiza kai.

Ran kasuwar da ta biyo aka ɗauko shi a kan gadon kara aka ajiye a gindin kurna. Labarin ya riga ya gama gari, jama'a suka cika har hanya, wasu don waƙa, wasu don su ga fuskar Malam. Karo na farko aka ji waƙar shekarar fara daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Da Malam Hamidu ya zo giɓin ya ce, “Nan akwai warƙa ɗaya da ba ta hannunmu,” ya yi shiru kaɗan, ya wuce. Manzo ya rasu kafin gero ya fitar da kai.

Masu neman laya sun ragu a ƙofar Malam Hamidu a wannan damina. Waɗanda suka dawo yanzu sukan ce a karanta musu kafin a ninke. Barmo ya daina karɓar takardar da ba mai ita a tsaye. Aisami bai sauko Gure a kakar ba, wasu sun ce ya yi gabas da garkensa, wasu sun ce yana bayan duwatsun Kelle. Wani mai raƙumi ya ce ya ga yarinyar tana tsayawa da kanta, da layu biyu a wuya.

An kwafi ƴaƴan waƙar. A kowane, Yabawa ta sa a bar warƙa ɗaya fara fat a inda giɓin yake. Malam Hamidu ya ce ɓarnar takarda ce, ga ƙunshin Adamu ya kusa ƙarewa, ga ta kasuwa ta yi tsada. Ta ce ta ji. Wata ran kasuwa ta miƙa wa wani falke mai zuwa Damagaram kwafi ɗaya a cikin gafakarsa, ta riƙe igiyar raƙuminsa sai da ya maimaita mata saƙon da zai ba duk wanda ya karɓa: farar warƙar da ke tsakiya tana da mai ita, kada a cire ta a yi wani rubutu.